SHARHI: Tsadar siminti da darasin gini marar nauyi, daga filin wasa na Abuja zuwa bakan gizon Zariya

A watan Fabrairun 2024 farashin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, alhali watanni kaɗan kafin nan ana sayensa a kusan rabin wannan kuɗi. Lamarin ya kai ga Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da manyan kamfanonin siminti uku, Dangote da BUA da Lafarge, inda aka tsayar da cewa buhu zai tsaya tsakanin Naira 7,000 da 8,000, gwargwadon nisan wuri.

A cikin wannan wata ne kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Babban Birnin Tarayya, a ƙarƙashin shirin gwamnatinsa na samar da muhalli.

Abubuwan biyu sun fito da matsala guda: ƙasa tana bukatar gine-gine masu ɗimbin yawa, amma kayan da aka saba yi da su sai ƙara fin ƙarfin talaka da gwamnati suke yi. Mahawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan yadda za a sauke farashi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: shin dole ne kowane gini ya ci siminti da rodi kamar yadda yake ci a yau?

Amsar da wani fanni na ilimin zanen gine-gine ke bayarwa ita ce a'a. Wannan fanni ya haɗa abubuwa uku: lissafin siffofi, ƙera kaya da injunan da kwamfuta ke sarrafawa, da kuma gini marar nauyi. Kuma Najeriya ba baƙuwarsa ba ce, domin tana da misalansa na zamani a Abuja, tana da tushensa a Zariya da Kano.

Ƙarfin gini yana cikin siffarsa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fasa ƙwai ta hanyar matsa tsininsa biyu a tafin hannu ya san cewa ɓawon da bai kai kaurin farce ba yana iya jure matsi mai yawa. Haka takardar da ba ta iya tsayuwa da kanta, idan aka nannaɗe ta sai ta ɗauki littafi. Kayan bai canja ba, siffar ce ta canja.

Shimfiɗaɗɗen rufin kankare da aka saba zubawa a benaye yana aiki ne ta hanyar jure lanƙwasa. Samansa yana shan dannawa, ƙasansa yana shan ja, shi ya sa ake jera masa rodi. Kankaren da ke tsakiya kuwa aikinsa kaɗan ne, nauyinsa mai yawa, kuma ginshiƙai da harsashi ne ke ɗaukar wannan nauyi, su ma su ƙara cin siminti.

Idan aka ba rufi siffar baka ko ƙubba, nauyi yana gangarowa ta jikinsa zuwa ƙasa da dannawa kawai, abin da bulo da dutse da laka suka fi iya jurewa. Idan kuma aka yi shi da igiyoyin ƙarfe da ƙyalle, sai ya yi aiki da ja kawai, kamar tanti. A hanyoyin biyu kayan da ake bukata suna raguwa ƙwarai.

Wahalar ita ce gano siffar da ta dace. Tun a 1675 masanin Ingila Robert Hooke ya lura cewa siffar da sarƙa ke ɗauka idan aka rataye ta daga bakinta biyu, in aka kifa ta, ita ce siffar baka mafi ƙarfi. Bajamushe Frei Otto, wanda ya yi aiki a kan rufin filin wasannin Olamfik na Munich na 1972, ya riƙa gwaji da kumfar sabulu domin gano yadda ƙyalle zai miƙe daidai. Abin da waɗannan suka yi da sarƙa da sabulu, yau kwamfuta tana lissafa shi cikin ɗan lokaci, ta gwada siffofi ɗaruruwa, ta auna iska da nauyi a kan kowacce.

Daga nan sai ƙira. Siffa mai lanƙwasa takan bukaci gutsattsari da ba su yi kama da juna ba, waɗanda yankansu da hannu zai ci lokaci da kuɗi. Injin da ke karɓar zane kai tsaye daga kwamfuta yana yanka ƙarfe ko katako ko dutse, kowane gutsure da nasa ma'auni, ba tare da ya gaji ko ya kuskure ba.

A baje kolin zanen gine-gine na birnin Venice a 2016, rukunin masu bincike na Farfesa Philippe Block daga jami'ar fasaha ta Zurich sun tayar da wata rumfa ta duwatsu 399 da inji ya yanka, babu siminti tsakaninsu, babu rodi. Faɗinta ya kai kimanin mita 16, kaurinta a wasu wurare santimita 5 kacal. Siffa kaɗai ce ta riƙe ta.

Misalin da ke Abuja

Mai shiga Abuja ta hanyar filin jirgin sama yana wuce babban misalin wannan fasaha a ƙasar nan. Filin wasa na ƙasa, wanda aka kammala domin Wasannin Afirka karo na 8 a watan Oktoban 2003, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, yana da kujeru 60,491. Kamfanin injiniyoyi na schlaich bergermann da ke Stuttgart a Jamus ne ya tsara shi.

Rufinsa yana aiki kamar ƙafar keke da aka kwantar. Akwai babban zoben ƙarfe a waje, akwai zoben igiyoyi a ciki, sannan igiyoyin ƙarfe sun haɗa su kamar siraran wayoyin da ke riƙe ƙafar keke. A kan waɗannan igiyoyi aka miƙe ƙyalle na musamman. Saboda haka dubban 'yan kallo suna zaune a inuwa ba tare da ginshiƙi ɗaya ya tare musu gani ba. Da kankare aka ce za a yi wannan rufi, da nauyinsa ya ninka sau da yawa, da kuma ginshiƙan da za su ɗauke shi sun cinye wurin zama.

Alhazan Najeriya ma sun daɗe suna shan inuwar irin wannan gini. Tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda, wadda aka buɗe a 1981, tantuna 210 ne na ƙyallen zaren gilas da aka shafe da Teflon. Injiniya Fazlur Rahman Khan, haifaffen Bangladesh, shi ne jigon lissafinta, kuma ta samu lambar yabo ta Aga Khan a 1983. Bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta yi ajalin alhazai sama da 300, hukumomin Saudiyya sun maye tantunan auduga da irin wannan ƙyalle da wuta ba ta saurin ci. A harabar Masallacin Annabi (SAW) a Madina kuma, manyan laimomi 250 da aka kammala kafawa a 2010 suna buɗewa da hantsi su rufe da yamma. Mai tsara su, Mahmoud Bodo Rasch, almajirin Frei Otto ne.

Sai dai duk waɗannan ayyuka ne na manyan kuɗi. Ƙyallen da igiyoyin da ƙwararrun da ke ɗaure su daga waje suke zuwa, da dala ake biyansu. Tun bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk fasahar da ta dogara kacokan ga kayan waje ta ƙara nisa da makarantar ƙauye da kasuwar ƙaramar hukuma. A nan ne tarihin gida yake da abin cewa.

Abin da maginan Hausa suka sani

Magini a ƙasar Hausa ya fuskanci matsala irin ta injiniyan yau: kaya kaɗan, bukata babba. Abin da yake da shi shi ne tubali da laka da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar rufin laka idan tazarar ta kai mita biyu. Ta yaya za a rufe zauren fada ko masallacin Juma'a?

Mafitar ita ce bakan gizo. Magini yana dasa azara a jikin bango, ya ɗora wata a kanta ta ɗan zarce, ya ɗaure da igiya, ya sake ɗora wata, har ɓangarori biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da laka. Azara a cikin laka tana yin aikin da rodi ke yi a cikin kankare. Idan bakuna suka gitta juna, kamar a ɗaurin guga, sai su raba sararin sama zuwa ƙananan fannoni da gajeriyar azara za ta iya rufewa. Wannan lissafin siffofi ne tsantsa, ko da yake a ƙwaƙwalwa da hannu aka yi shi.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masu nazarin gine-gine daga ƙasashe daban-daban sun yi rubuce-rubuce a kansa, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin takaici, cikin shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, an ɗauki laka alamar talauci, bulon siminti da kwano kuma alamar ci gaba. Sakamakonsa ana jin sa a jiki duk watan Maris da Afrilu: ɗakin kwano yakan zama tanda, mai hali ya kunna janareta da na'urar sanyaya ɗaki, marar hali ya kwana a waje. Lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna a watan Oktoban 2024, jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu, an ga yadda gine-ginen da ba sa zaunuwa sai da lantarki suke zama kurkuku.

Kwamfuta ta zana, hannu ya gina

Wasu ayyuka a nahiyar Afirka sun nuna hanyar da ta haɗa ilimin biyu. A Mapungubwe da ke Afirka ta Kudu, an gina cibiyar baƙi mai ƙubbobi da siraran tayil kimanin 200,000 da mutanen yankin suka matsa daga ƙasar wurin da ɗan siminti kaɗan. Kwamfuta ta fitar da siffar ƙubbobin, birkiloli suka jera tayil ɗin. Ginin ya zama gwarzon shekara a bikin zanen gine-gine na duniya a 2009. An maimaita dabarar a filin wasan kurket na Gahanga kusa da Kigali a Ruwanda, wanda aka buɗe a 2017.

A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001 da bangon laka da silin na laka, sannan ya ɗaga rufin kwano sama a kan saƙar siraran roduna da masu walda na gari suka haɗa. Iska tana ratsa tsakanin kwanon da silin, zafi ba ya sauka kan ɗalibai. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a wannan fanni.

Misali mafi kusa da mu yana Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A can Mariam Issoufou, wadda ta fara karatu da aiki a fannin kwamfuta kafin ta koma zanen gini, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matsa da inji. An kammala aikin, mai suna Hikma, a 2018. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya samu lambar Aga Khan a 1986. A kasuwar garin kuma, Mariam ta kafa rumfunan ƙarfe masu launi, wasu sama da wasu kamar rassan bishiya, suna ba da inuwa suna barin iska ta wuce.

Darasin da ke cikin waɗannan ayyuka ya shafi yanayinmu kai tsaye. Rashin nauyi shi kaɗai ba ya kawo sanyi, domin siririn rufi inuwa yake bayarwa, ba ya tare zafi. Abin da ya dace da Sakkwato ko Maiduguri shi ne bango mai kauri da ke shanye zafin rana a hankali, da rufi marar nauyi a sama da ke kare shi daga rana da ruwa.

Wannan ne ya sa ya kamata a yi hattara da ɗokin da ake yi wa injin da ke zuba bango kamar yadda na'urar ɗab'i ke zuba tawada. Kamfanin 14Trees ya yi amfani da shi wajen gina makaranta a gundumar Salima ta Malawi a 2021, inda aka ce an tayar da bangon cikin sa'o'i 18. Saurin abin sha'awa ne. Amma bango kawai injin yake yi, kwaɓin da yake ci yana da siminti mai yawa, shi kansa kuma daga waje ake shigo da shi. A ƙasar da matasa ke neman aikin yi, siminti kuma ke tsada, fasahar da ke rage ma'aikata ta ƙara siminti ta juya wa matsalarmu baya. Ga kuma batun muhalli: masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Inda haɗarin yake

Babu adalci a yabi gini marar nauyi ba tare da faɗin sharuɗɗansa ba. Gini mai kauri yana iya ɓoye kuskuren magini na wani lokaci. Siririn gini ba ya yafe kuskure. Idan siffar ƙubba ta kauce daga lissafi, ko harsashin da ke tokare ta ya motsa, ko bulon bai kai ƙarfin da aka zata ba, abin da zai biyo baya ba ya bukatar bayani.

Sai iska. Duk farkon damina guguwa tana yaye rufin makarantu da gidaje a jihohin Arewa, sau da yawa saboda ba a ɗaure rufin da bango yadda ya kamata ba. Rufi marar nauyi ba danna shi iska take yi ba, ɗaga shi take yi, don haka lissafin ɗaurinsa ya fi na kowane rufi muhimmanci.

Na uku, kuma mafi wuya a wurinmu, shi ne kulawa. Makarantar da Kunlé Adeyemi ya gina a kan ruwa a Makoko ta Legas a 2013, da katako da gangunan roba, ta ja hankalin duniya. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, lokacin da ta riga ta lalace har an daina karatu a cikinta. A ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 kuma, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata a lokacin sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Ginin laka yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara da gyaran indararo, kamar yadda rufin ƙyalle ke rayuwa da wanki da duba igiyoyi.

Ba kuma za a ce kankare ya tsira ba. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutane fiye da 40, makarantar da ta rufta a Jos a watan Yulin 2024 ta yi ajalin mutum 22, yawancinsu ɗalibai. Dukansu gine-ginen siminti ne. Abin da ke kashe mutane shi ne rashin sa ido da ha'inci a kayan aiki, ko da wane irin kaya aka yi ginin.

Abin da ya rage wa hukumomi

Najeriya tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan aiki. Akwai Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, wadda ta daɗe tana ƙera injunan matsa bulon ƙasa. Akwai sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, mafi daɗewa a ƙasar nan, a garin Babban Gwani. Akwai hukumomin rajistar masu zanen gini da injiniyoyi da magina, wato ARCON da COREN da CORBON. Akwai kundin dokokin gini na ƙasa na 2006, wanda tasirinsa ya dogara ga jihohi su rungume shi su aiwatar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa su a kan manufa guda.

Mataki na farko shi ne ma'auni. Jami'in da ke amincewa da zanen gini a Abuja ko Kano ba zai sa hannu a kan ƙubbar bulon ƙasa ba matuƙar ba shi da rubutaccen ma'aunin da zai kare shi. Banki ma ba zai ba da lamuni a kanta ba. Ana bukatar gwaje-gwaje a ɗakunan bincike na jami'o'i, da ƙasar kowane yanki, a fitar da alƙaluman da kowa zai dogara da su.

Na biyu, gwamnati ta fara da gine-ginenta. Rumfunan kasuwa, tashoshin mota, azuzuwa, ɗakunan shan magani da ma'ajiyar hatsi duk suna bukatar faffaɗan rufi da inuwa da iska, kuma a nan ne gini marar nauyi ya fi arha. Ware ƙaramin kaso na manyan rukunan gidaje irin na Karsana domin gwaji, a auna kuɗinsa da zafin cikinsa a wallafa, zai fi tarukan ƙara wa juna sani amfani. Gani ya kori ji.

Na uku, horo. Injin yankan ƙarfe guda ɗaya a kwalejin fasaha zai iya yi wa masu walda na gari duka hidima, su kawo zane su karɓi gutsattsarin da za su haɗa. Haka kuma tsofaffin maginan da suka gaji ɗaurin azara suna raguwa, kuma iliminsu ba a rubuce yake ba. Aunawa da adana zanen sorayen fadojin Kano da Katsina da Daura da Zazzau da na'urorin zamani, tare da sanya waɗannan magina cikin masu koyarwa, aiki ne da ba ya jiran gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu, kuɗin kulawa ya shiga kasafi tun ranar da aka ba da kwangila, a kuma san wanda alhakin dubawa ya rataya a wuyansa.

Farashin siminti zai ci gaba da hawa da sauka bisa canjin kuɗi da tsadar gas da sufuri, abubuwan da mai gina aji biyu a ƙauye ba shi da iko a kansu. Abin da ke hannun masu zane da injiniyoyi da hukumomi shi ne yawan buhunan da kowane aji zai ci, da kuma ko yaran da za su zauna a ciki za su iya karatu da azahar a watan Afrilu.